Dosiyen Gwaggo a Ƙarshen Layi

Shugaban bironmu, wato ofishinmu, wanda duk asibitin ke kira Shef, bai taɓa yarda akwai abin da ake yi a duniya ba tare da an bi girma ba. In an kawo shayi, sai an fara miƙa wa babba. In takarda za a sa wa hannu, sai ta bi ta teburin babba. Ko gaisuwar safe da jerinta yake yi, in ka yi azarɓaɓin gaishe shi kafin layi ya zo kanka sai ya yi kamar ƙuda ne ya wuce. Ni sakatariya ce a ƙarƙashinsa, mai buga takardu, a wani asibitin mishan da ke ƙasar Madawa, wajen ƙarshen shekarun casa'in. A jerin nasa, ina gaban mai shara da ɗan kaɗan.

Odinatar guda ce a biron, wato abin da yanzu kowa ke ce wa kwamfuta. Ni ke aiki da ita, amma Shef ke da ita. Shi ke yaye mata zane da safe, shi ke rufa mata da rana, kuma in baƙo ya shigo shi ke ɗora hannu a kanta yana bayani da faransanci, bayanin da rabinsa daga bakina ya tsinta. Wutar da take sha daga gurup ɗin asibiti, wato janareta, take zuwa, kuma rabon biro daga safe ne zuwa azahar. Da azahar ta yi sai a maida wutar ɗakin tiyata da ɗakunan marasa lafiya, mu kuwa mu koma ga alƙalami da mafici.

A cikin odinatar nan kowane babba yana da dosiyensa, inda nake tara masa takardunsa. Akwai kuma dosiye guda wanda ba na babba ba ne. Na gwaggona ne, yayar mahaifina.

Gwaggo ba ta taɓa shiga lakol ba, ko ajin farko na boko. A ɗakin haihuwa, wato matarnite, ta yi rayuwarta, tana wanki, tana riƙe mata masu naƙuda, tana share jini. Amma a majami'a ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma waƙoƙin nata ne, daga kanta suke fitowa. Ita ke jan baiti, mata su karɓa da amshi, ana buga tulu ana kaɗa caki. Baitocinta dogaye ne, labari ne sukutum take zubawa da harshenmu na Adar: gwauruwar nan ta cikin Littafi Mai Tsarki da ta bi surukarta tana kalar hatsi, a bakin Gwaggo gonar gero ta shiga, har da ƙaiƙayi a wuyanta. Matan Galma da na Karofan da ke zuwa haihuwa, Musulmi ne yawancinsu, sukan koma gida da amshinta a baki ba su ma damu da daga ina ya fito ba. To amma amshin kawai kowa ya iya. Baitocin suna cikin kan mutum guda.

An taɓa ɗaukar ta a kaset, zafi ya narkar da wasu, rediyo ta tauna sauran. Sai wata baturiya mai aikin jinya ta kawo ɗan makirho na ɗaukar murya ta maƙala wa odinatar, ta ce wannan ba ta tauna komai. Ran Asabar da safe Gwaggo takan zo biro da lulluɓinta, ta zauna a gaban na'urar tana jin kunyarta kamar suruki, sai ta rufe ido ta saki murya. Haka muka yi har ta ce ta zazzage duk abin da ke cikinta. Baturiyar ta tafi hutu ƙasarsu, da alkawarin za ta dawo da abin da za a zuba waƙoƙin a faifai, a kuma rubuta su a takarda.

Ba ta dawo ba tukuna sai bazara ta shigo, kuma a bazarar nan Gwaggo ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta tafi. Tana ji, tana ganewa sarai, idonta ma ya fi da kaifi, amma in ta buɗe baki sai iska. Da ta ɗan samu ƙarfi na ɗauko ta a keken marasa lafiya zuwa ƙofar biro, na kunna mata waƙa guda. Ta ji muryarta na fitowa daga akwati, ta kama dariya da rabin bakin da ya rage mata, hawaye na bin ɗaya gefen. Daga ranar ta gane hanya. Kullum da hantsi sai ta sa a turo ta gindin itacen bedin da ke gaban biro, ta zauna tana kallon tagarmu.

Sai odinatar ta fara ciwo. Daga cikinta ake jin ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin ƙwarya, wani lokaci ta sandare sai an kashe an kunna. Direktan asibiti ba ya nan, shi ma hutu. Aka gaya wa teknisiyen mishan, mai gyaran na'urori da ke Yamai, ta rediyon waya, ya ce faifan da ke cikinta ne ke mutuwa, kuma ba ya sallama in zai tafi. Ya aiko da wani akwatin ƙarfe mai girman littafin waƙa, faifai ne shi ma amma na waje, da waya mai kauri kamar igiyar guga. A bakin da injin buga takarda ke shiga ake cusa wayar, shi kuma injin a maƙala shi a bayan akwatin. Saƙon teknisiyen gajere ne: a kwashe komai a zuba cikin akwatin nan, da gaggawa.

Ai kuwa Shef ya samu abin yi. Ya karɓi akwatin da hannu biyu, ya ba shi wuri a armuwar, kabad ɗin da muke kulle takardu, ya rataya mabuɗin a ɗamararsa. Ranar farko ba a kwashe ko ƙwaya ba, don ya ɓata safiyar ne yana tsara layi. Dosiyen direkta a gaba. Na fasto na bi masa. Sai na Shef kansa, wanda ya ce da son ransa ne da ya koma baya, amma tsari ba ya duba son rai. Sai likitoci, sai manjo shugaban masu jinya, sai ɗakin magani, sai garaji, har da dosiyen da ake rubuta kwanakin hutun masu gadi. Can ƙasa, bayan kowa da komai, dosiyen Gwaggo.

Na ce, "Shef, wanga na ƙarshe shi kaɗai na babu kwafinshi ko'ina. Sauran duk akwai su bisa takarda cikin armuwar."

Ya dube ni ta saman gilashinsa. "Madam, so kike in sa mai wankin matarnite gaban direkta?"

"Ba mutane ba na, Shef. Dosiye na."

"Dosiyen mutum mutum na," in ji shi, ya juya ya ci gaba da abin da yake.

Washegari aka fara. Bayan addu'ar safe, bayan gaisuwa, bayan ya buɗe armuwar ya goge akwatin da hankici, ya zauna a kujerata ya ja dosiyen direkta da kansa. A fuskar odinatar wata ƴar takarda ta riƙa tashi daga aljihu guda tana faɗawa ɗaya, a ƙasanta kuma ga wani layi da ya kamata ya cika. Wayyo, layin nan! Na taɓa jiran motar Keita ran da ba kasuwa, amma ban san jira ba sai a gabansa. Ka dube shi, ka je ka sha ruwa, ka dawo, yana nan inda ka bar shi. Na'urar ta ce saura kaza, an jima ta ce saura ninkin haka, ba kunya ba tsoron Allah. Ana tsakiyar dosiyen likitoci azahar ta yi, wuta ta ɗauke.

Na ce to, ba komai, gobe a ɗora. Ashe ban san wanda nake aiki da shi ba. Da safe Shef ya buɗe akwatin, ya ga dosiyen likitoci rabi, ya tsuke baki, ya share duk abin da ke ciki tas, har da na direkta da na fasto da nasa waɗanda suka shiga lafiya lau. Ya sake jan na direkta.

"Shef! Waɗanda sunka shiga jiya ai suna nan daidai. Mi zai hana mu ci gaba daga inda munka tsaya?"

"Ke kin taɓa ganin an kai ma direkta takarda da gyara cikinta? Aikin da yay yanke, yaga shi akai a sake sabo. Haka anka koya muna."

Gaskiyarsa, haka aka koya masa. A kan tafireta ya yi kuruciyarsa, a ofishin wani kumandan da ke yaga shafi guda saboda ɗigo guda. Shekaru sun wuce, kumandan ya mutu, tafireta ta yi tsatsa, amma tsoron na nan daram a cikin Shef, ga shi yau ya sauke mana shi a kan na'urar da ba ta san shafi ba.

Haka muka shiga zagaye. Kowace safiya direkta ya shiga akwati, fasto ya shiga, Shef ya shiga, likitoci su sa ƙafa guda, wuta ta ɗauke. Kowace safiya a share a sake. Jawabin maraba da Shef ya rubuta wa wani babban baƙo wanda bai ma zo ba, Allah kaɗai ya san sau nawa ya yi tafiyar nan ya dawo. Ƙas-ƙas ɗin cikin odinatar kuwa sai ƙaruwa yake. Gwaggo na gindin bedi, in na leƙa ta taga ta ɗaga min gira, in girgiza mata kai.

Da labari ya bazu cewa kaya sun ƙi tafiya, sai masana suka fara zuwa. Ban san asibitin nan na cike da injiniyoyi ba sai a makon nan. Direban motar asibiti ya shigo ya dubi wayar da ke naɗe bayan tebur, ya ce ga matsalar nan ƙiri-ƙiri, ko tiyon mai in ya lanƙwashe ai mota shaƙewa take. Aka ja tebur tsakiyar ɗaki, aka miƙe waya sambal, aka hana kowa tsallake ta. Layi bai ji ba.

Sai manjo ya zo. Shi mutum ne mai ƙasaita, ba ya magana sai ya gyara abin auna zuciya da ke wuyansa. Ya zagaya tebur yana hum, hum, ya tsaya.

"Wa yas sa su bisa tebur guda?"

Shef ya ce shi ne.

"Haba Shef. In za ka yi ma mutum ƙarin ruwa, ina kake rataya jikkar? Sama! Mara lafiya ƙasa, ruwa sama. Ku kun aje su kai ɗaya, da mi kayan za su gangara?"

Wallahi ba ƙari nake ba. Manyan mutane biyu masu furfura suka ciccibi odinatar suka ɗora a kan armuwar, suka aje akwatin a ƙasa kan tabarma. Ranar a tsaye kan kujera Shef ya ja dosiyen direkta, wuyansa a miƙe kamar zakara. Manjo ya tsaya ya riƙe ƙugu yana duban agogo, wai yana ƙirga ɗigo. Da layin ya ɗan motsa, yadda dama yake motsawa kullum, suka dubi juna suka gyaɗa kai. Azahar ta same mu a inda ta saba samun mu.

Bayan wannan an gwada jiƙaƙƙen buhu, an gwada kafa wa akwatin fanka shi kaɗai mu muna gumi, an gwada kashe ƙwan lantarki don wai kada ya rage wa kayan ƙarfi. Wani ma ya ce a rage surutu a ɗakin. Duk wanda ya zo da shawara Shef na sauraronsa da ladabi gwargwadon girmansa. Tawa shawarar, da yake daga ƙasan layi ta fito, ko kunnensa ba ta kai ba.

Na gwada ta wata hanya. Na ɗauko disket, ƙananan faifan nan da muke sa takardu, na ga ko waƙa guda ba za ta shiga ba, don murya ta fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba. Na aro rediyo mai kaset wurin maƙwabta na zo da ita biro, na ce, "Shef, ba ni safiya guda tak. In kunna waƙoƙin in ɗauka bisa kaset, in rubuta abin da nis samu." Ya ce in an gama aikin manya. Na ce to bari in kunna su alhali kayan na tafiya. Ya bari, don ya san abin da zai faru: muddin akwatin na ci, odinatar ba ta iya komai, muryar Gwaggo ta fito a yayyanke kamar mai shaƙuwa, ko kalma guda ba ta kamuwa. Ya ce, "Kin gani? Kin ma rage muna gudu."

Ran da ake magana da Yamai ta rediyo na bi shi ɗakin, na tsaya bayansa. Lokacin da ake ba kowace tasha kaɗan ne, amma Shef ya fara da gaida teknisiyen, da iyalinsa, da gajiyarsa, da zafin Yamai. Da aka tambaye shi yaya aiki, ya ce yana tafiya daidai bisa tsari. Ka ji fa! A wurinsa gaya wa na babban birni cewa abu ya gagara kamar tsiraici ne. Ni na sunkuya na yi ihu cikin makirho na ce kayan rarrafe suke, ba su taɓa kai rabi ba.

Muryar teknisiyen ta zo cikin shuuu da ƙara. Ya ce abu biyu ne. Na farko, a cire injin buga takarda daga bayan akwatin, kada su yi rabon hanya guda. Na biyu, bakin da wayar ke shiga an bar shi a kan tafiyar hankali tun daga kamfani. In ana kunna odinatar a danna wani maɓalli, shuɗin allo zai fito, a sauya kalma guda a wurin, bakin zai buɗe. Ya ƙara da cewa kada a sake share abin da ya riga ya shiga, kuma a fara da abin da babu shi a wani wuri. Yana cikin faɗin sunan maɓallin lokacinmu ya ƙare, wata tasha ta shigo da zancen buhunan siminti.

Na bi Shef muka koma biro. Sannan ya ce na kunyata shi gaban Yamai. Shuɗin allo kuwa, direkta ya gargaɗe shi da bakinsa kada kowa ya taɓa shi, kuma shi ba zai karya maganar direkta ba saboda wani yaro da ko aure bai yi ba. Injin buga takarda ma ba ya ciruwa, don kowace safiya sai an buga jadawalin masu jan addu'a an liƙa a ƙofa, jadawalin da kowa ya haddace tun bara. Abin da ya karɓa daga duk bayanin guda ne: ya yarda a matsar da injin nesa da akwatin, iyakar tsawon waya.

Na je wurin fasto. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, Gwaggo ce ma ta karɓi haihuwar ƴaƴansa duka. Na ce, "Baba, ka ce ma Shef shi sa na Gwaggo gaba, ko shi ba ta wurinka cikin layi." Ya murza gemu. Ya ce, "Ɗiyata, biro na da mai shi. In na sa baki yau, gobe shi ma sai shi sa baki cikin wa'azina. Ki yi haƙuri, za a kai gare ta." Har na kai ƙofa ya kira ni, ya tambaya a hankali ko da gaske ne nasa ne na biyu. Na ce da gaske ne. Ya ce ai bai kamata ba, amma fuskarsa ba ta nuna ɓacin rai ba.

Dama guda na samu. Wata safiya, ana fara zuba na direkta, aka aiko kiran Shef: an kawo gawar wani dattijon Garhanga da za a maida gida, ana neman takardar fita da hatiminsa. Ya tashi da sauri har ya manta bai ce min kada in taɓa ba. Yana fita na tsayar da direkta, na zare wayar injin buga takarda, na ja dosiyen Gwaggo na jefa cikin akwati. Layin ya kama tafiya, ba gudu ba, amma tafiya ta gaske, sunayen waƙoƙin na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa taga na ɗaga wa Gwaggo hannu, ta daki hannun kekenta da tafinta mai lafiya. Na zauna ina roƙon Allah ya sa dangin mamacin nan su kasance masu doguwar godiya.

Ba su kasance ba. Layin ya wuce rabi Shef ya shigo. Ya dubi allo, ya dubi wayar da ke ƙasa, ya dube ni.

"Tashi."

"Shef, don girman Allah. Saura kaɗan. Bar shi shi ƙare, in ya so ka kore ni."

"Tashi, Madam."

Na ƙi. Na rungume allon maɓallan rubutu da hannu biyu kamar mai hana a ɗauke mata ɗa. Bai yi kokawa da ni ba, ai shi dattijon majami'a ne. Ya zagaya baya ya kashe akwatin daga maɓallinsa. Da aka sake kunnawa, waƙoƙin da suka riga suka shiga na nan cikinsa, na gan su da idona. Na ce to bar waɗannan, ko su kaɗai. Ya ce akwatin da aka fara da na ƙasan layi ba shi da fuskar da za a nuna wa direkta. A gabana ya share su. Ya maida wayar injin, ya buga jadawalin addu'a, ya ja dosiyen direkta.

Abin da na gaya masa ranar ba zan maimaita shi a nan ba, amma har garaji an ji. An ba ni hutun dole na kwanaki don in huce. Ina gida, ina dama wa Gwaggo kunu, matar mai gadi ta shigo ta ce na'urar biro ta yi wata ƙara da safe ta ɗauke, an kunna an kunna ta ƙi. Gwaggo na kan tabarma tana jinmu. Ta kawar da kai daga cokalin.

Teknisiyen ya zo daga Yamai bayan ruwan farko, da sabuwar odinatar a bayan mota. Ya ciro mataccen faifan daga tsohuwar, ya naɗe shi a leda ya sa a firjin alluran rigakafi ya kwana, wai wani lokaci sanyi na tashe su na ɗan lokaci. Bai tashi ba. Ya haɗa akwatin da sabuwar, ya shiga shuɗin allon nan da ake tsoro, ya sauya kalmarsa guda, ya fito. Abin da ke cikin akwatin ya zube cikin sabuwar na'ura kafin ya gama shan ruwan da na kawo masa. Na tambaye shi, da an yi haka tun farko, da komai ya shiga? Ya ce da safiya guda ta isa har a yi hira.

Abin da ya tsira: direkta, fasto, Shef, da rabin likitoci. Shef ya rubuta rahoto, ni na buga shi da yatsuna, cewa duk da wahalhalu an ceto takardun shugabanni ba tare da asarar ko guda ba. Direkta ya dawo ya yaba masa a taron ma'aikata. Baturiyar ma ta dawo da abin zuba waƙa a faifai, sabo fil cikin kwalinsa, ta zauna a biro ta yi kuka, ta tashi ta koma ɗakin jinya. Ba wanda ya ce wa Shef komai. Har ya yi ritaya yana ba da labarin yadda ya ceci asibiti.

Da kaka ta yi aka yi bikin godiya a majami'a, kowane gida ya kawo damin gero aka jibge gaban bagade. A ranar nan mata ke shiga da waƙa, kuma tun ina yarinya waƙar girbi ta Gwaggo ake shiga da ita. Matan zumunta sun yi ta haɗuwa kafin ranar suna tono, wannan ta tuno layi, waccan ta tuno rabin wani, suka harhaɗa abin da suka iya. Aka turo Gwaggo aka aje ta gefen mata, cikin zanen zumunta, an ɗaura mata kallabi.

Tulu ya ɗauka, caki ya bi. Wadda aka ba jan waƙar ta yi baitin farko lafiya, mata suka karɓa, majami'a ta cika da amshi. Ta shiga na biyu, ta kai tsakiya, ta tsaya. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta tsaya a wuri guda. Mai tulu ta ci gaba da bugu tana jira. Sai matan duka, ba wanda ya ce su yi, suka juya suka dubi Gwaggo, yadda suka saba yi shekara da shekaru in waƙa ta kakare.

Gwaggo ta buɗe baki. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga harshenta na neman hanya. Ba abin da ya fito. Tulu ya yi shiru, caki ya yi shiru, matan suka tsaya cirko-cirko da damman gero a ka. Ita kuwa ta sauke hannunta na hagu kan gwiwa ta fara bugawa, a hankali, daidai kiɗan waƙar. In ta kai wurin amshi sai ta ɗaga kai ta dube su, su karɓa da muryoyi masu rawa, ta koma ta buga baiti na gaba, babu kalma ko guda. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Muna tsaye har ta kai ƙarshen waƙarta, sannan ta ɗauke hannun ta maida cikin zane.